Asabar ɗin da Maƙwabcina Ya Tayar da Mota

Da ana goge abin da ya wuce, da na goge ranakun Asabar da na kwashe ina takura wa maƙwabcina, da wata magana da na faɗa masa a gaban 'ya'yansa.

A tsakiyar shekarun casa'in ina masinja a Abuja, ina haya a Iku cikin Suleja. Ni Kirista ne daga kudancin Kaduna, a lokacin kuma ba abin da na sa gaba sai aikin bishara. Ɗakin da ke kallon nawa na wani Ibo ne mai sayar da katako, haifaffen Zariya, ya fi ni iya Hausa. Addinin Yahudawa yake bi. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa ta Asabar ba ya ciniki, ba ya hura wuta, ko makullin akori-kurarsa ba ya taɓawa.

Da na gane haka, sai na mai da Asabar ranar wa'azi, tunda ba inda za shi. In ja benci in zauna masa a ƙofa.

Nakan ce, "Oga, an fa sami kabarin nan ba kowa a ciki. Yesu ya tashi. Me kake jira?"

Sai ya ce, "Mai bishara, ka karya kuwa, ko da yunwar ka zo? Mu an gaya mana in Almasihu ya zo, yaƙi zai ƙare, zalunci ya kau. Shekaranjiya a Gauraka na ga mai kaki yana sa direba tsallen kwaɗo. Tashin matattu mun yarda da shi, amma na kowa ne, a ƙarshe. Kai ka ce zai dawo, ni na ce bai zo ba. Matso mu jira tare."

Wata rana dariyarsa ta ba ni haushi. Na ce dokarsu matacciya ce, ko mutum na mutuwa a gabansu ran Asabar ba za su motsa ba. Ya dube ni, ya dubi yaransa.

Bayan 'yan watanni, wata Asabar da tsakar rana, naƙuda ta kama matata, jini ya ɓalle mata. Ana wahalar mai, motoci sun yi wuya. Ga akori-kurar maƙwabcina a ƙofar gida, amma na riga na gaskata maganar bakina, na wuce ɗakinsa da gudu na nufi titi. Na daɗe ina ɗaga hannu, ba wanda ya tsaya.

Da na dawo, sai na tarar mota na ruri. Matarsa ce ta ji nishin matata ta gaya masa, sun riga sun sa ta a kujerar gaba.

Ya ce, "Hau baya. Me ya hana ka buga min ƙofa?"

Na ce, "Ai yau Asabar."

"Rai ya fi Asabar, maƙwabci. Dokar ce da kanta ta ce in tuƙa."

A asibiti ungozoma ta ce da mun ƙara jinkiri da mun rasa ta. Matata ta rayu, 'yarmu ma ta rayu. Shi kuwa da ya ga hankali ya kwanta, sai ya bar motar a can ya taka da ƙafa zuwa gida cikin rana, domin lalurar ta wuce, Asabar kuma ba ta fita ba.

Ban bar bangaskiyata ba, shi ma bai bar tasa ba. Na yi masa godiya ba iyaka, amma kunya ta hana ni neman gafarar waccan magana har ya koma ƙasar Ibo. Yau 'yar nan tana da 'ya'ya uku, kullum na ɗauke su sai na sa masa albarka.

Roƙona ga masu fita bishara, da kowa ma: in za ku yi wa mutum maganar addini, ku fara tambayarsa abin da nasa ya koya masa. Kada ku yanke masa hukunci yadda na yi, har ku wuce ƙofarsa ranar da kuke bukatarta.