Ranar da Iya Ta Bar Gafiya a Kwance

A Panshekara na tashi, a wani gida da ke bakin hanyar da ma'aikata ke bi zuwa Challawa. Kakata, wadda duk unguwa ke kira Iya, tana da rumfa a ƙofar gida inda take suyar ƙosai daga bayan Magariba, saboda masu shiga aikin dare. A nan mu jikokinta muke taruwa, zafin murhu na dukan ƙwaurinmu, ƙamshin albasa da man gyaɗa na bin tufafinmu. In ciniki ya lafa sai ta goge hannu ta ce, "Na zo da wata a ƙulle a bakin zane." Mu kuma mu haɗa baki, "Kwance mana ita, Iya."

Babana a masaƙa yake aiki. Ƙaninsa, Baffa Habu, shi ma ya taɓa zama a sashen zanen atamfa na masaƙar, amma ya ajiye aikin, ya ce ya gaji da zana furen da wani ya zaɓa masa. Ya kama shago ɗan ƙarami yana rubuta allon masu aski da bayan manyan motoci. A wata tsohuwar mujalla ya ga hoton wata dabbar ƙasar waje mai dogon baki da wutsiya kamar ta gafiya, ta goyo 'ya'yanta reras a gadon baya. Ya ce an rubuta cewa in ta ga halaka sai ta faɗi ta yi kamar ta mutu. Tun daga nan ba abin da yake zanawa don kansa sai ita. Iya ta raɗa mata suna gafiyar ƙetare. Mutane na dariya, suna cewa duk dabbobin Allah ya rasa wadda zai so sai ɓarauniyar rumbu.

A daminar da aka fara rage ma'aikata, wata safiya aka wayi gari da wani babban kwali a manne a ƙofar masaƙa. Gafiya ce sanye da kwat, kumatu cike, amma maimakon ta goyi 'ya'yanta, 'ya'yan ne ramammu suke ɗauke da ita. Ba suna a jiki. Ba a kuma bukatar suna, don kowa ya san hannun.

Da daren ranar, Babana yana wurin aiki, muna zaune gaban murhu, sai ga Baffa ya ɓullo ta lungu a guje, ba hula, ba takalmi.

"Iya, suna bayana."

Ba ta tambaye shi su wa ba. Ta dubi ƙofar gida, ta dubi fitilar motar da ta karyo kwana, sannan ta ɗaga tamfol ɗin da take rufe itace saboda ruwa.

"Shiga nan. Ka kwanta."

Ta mayar da tamfol, ta juyo gare mu. "Wanda ya waiwaya, ni da shi ne. Na zo da wata a ƙulle a bakin zane."

Muka amsa, "Kwance mana ita, Iya."

Mutum uku suka sauko, masu gadin kamfani, kowa da kulki. Babbansu wani tsohon soja ne da ake kira Saje. Ya yi sallama, Iya ta amsa tana juya ƙosai.

"Sannunku da aiki, Iya. Ɗanku muke nema, mai fenti."

"Habu ai ba yaro ba ne da zan ɗaure shi a ƙafata. Ga gida nan, ku bari matan su yafa mayafi ku duba."

Biyu suka shiga. Saje ya ja benci ya zauna, bayansa bai fi taku kaɗan daga tarin itacen ba. Ya ce, "Kun san in a gidan nan aka same shi, har yayansa ya bar aiki ke nan."

Iya ta zuba masa ƙosai a takarda. "Ci, ɗan nan. Tatsuniya nake wa yara, kada ka tsinka mana."

Ta fara. Wai gafiya ce ta fita kiwo da 'ya'yanta a baya, sai ta ji haushin karnukan maharbi. Rami ya yi nisa, gudu da goyo ba zai yiwu ba. Ta tura 'ya'yan ƙarƙashin ganye, ita kuma ta faɗi a fili, ta saki baki, ta ƙafe ido. Karnuka suka zo suka shinshina. Maharbi ya zungure ta da gindin baka. Ya ce shi ba ya cin mushe, amma bai yarda da wannan mutuwar ba, zai zauna ya gani.

Ban taɓa jin wannan tatsuniyar ba, kuma na san duk na Iya. A lokacin na gane a gabanmu take ƙirƙirar ta, kuma ba mu take faɗa wa ba.

Ta inda nake zaune ina hangen gefen tamfol. Ƙafar Baffa ta ɗan leƙo, da ɗigon shuɗin fenti a diddige. Ina cikin addu'ar kada Saje ya juya, sai na ga wani abu ya fito daga cikin itacen, wutsiya a ɗage. Kunama ce, baƙa, irin ta damina. Ta hau diddigen a hankali ta tsaya.

Na buɗe baki. Iya ta danƙe gwiwata da hannunta mai maiƙo har sai da na ji ƙashi. Ita ma ta gani.

"Sai ga kunama," in ji ta, muryarta ba ta canja ba, ta dai ɗan ɗaga ta. "Ta hau ƙafar gafiya. Gafiya ta ce a ranta, harbin kunama kwana ɗaya ne. In na motsa, 'ya'yan da ke ƙarƙashin ganye fa?"

Na ga wutsiyar ta sauka. Na ga yatsun ƙafar sun dunƙule, sannan suka saki. Ko tamfol bai girgiza ba.

Saje ya lura da ni. "Ke yarinya, me ya sa ki hawaye? Yaya sunanki?"

"Mairo."

"Mairo, ina Baffanki?"

Iya ba ta dube ni ba, tana ta kwashe ƙosai daga mai. Na ji bakina ya ce, "Gafiyar nake tausayi. Maharbin ya ƙi tafiya."

Ya yi dariya har da buga cinya. Mutanensa suka fito suka ce ba kowa sai mata. Ya miƙe, ya haska tocila cikin rumfa, hasken ya bi ta kan tamfol ya wuce. Har ya kai mota ya juyo.

"Iya, to yaya aka ƙare? Ta tashi?"

"Ka dawo gobe ka ji."

Sai da ƙarar motar ta ɓace muka janye tamfol. Baffa ya jiƙe da gumi, ya ciji hannun rigarsa har ya huda. Iya ta ɗaure masa ƙafar, tana tofa addu'a. Kafin gari ya waye wani direba da ya taɓa yi wa zane ya ɗauke shi zuwa Maraɗi. Babana bai rasa aikinsa a ranar ba. Ya rasa shi bayan 'yan watanni, tare da sauran jama'a, ba don laifin kowa a gidanmu ba.

Na yi ta bin Iya ta ƙarasa mana. Ranar da na dame ta ta ce, "Ke 'yar nan, ni iyakar inda na sani ke nan. Kwanciyar nake bukata, na samu. In tashin kike so, nemo shi da kanki."

Na ɗauki takardar buhun siminti da take naɗe ƙosai, na zauna da fensir. Na rubuta na yage, na sake. In na sa gafiya ta tashi da wuri, maharbi na nan. In na bar ta ta daɗe, 'ya'yan sun mutu da yunwa. Abin da na fara rubutawa ke nan a rayuwata wanda ba malami ne ya sa ni ba, kuma a nan na fara sanin cewa mai labari yana da alhakin waɗanda ya kwantar.

Shekaru da yawa na ɗauka darasin daren shi ne mutum ya iya yin shiru. Da na girma na ga shirun ba shi ne mai wuya ba, tsoro ma yana koya wa mutum shi. Baffa ya dawo Kano bayan ƙura ta lafa, ya sake buɗe shago a Zawaciki. Ba wanda ya ƙara nemansa, Saje ma ya daɗe da barin aiki. Amma daga lambar gida sai sunan shago yake rubutawa. In an ce ya zana wani abu na ransa, sai ya ce ido ya yi rauni.

Lokacin da aka buga ɗan littafina na farko na yara, na kai masa. Ya riga ya tsufa. Ya ce in karanta masa, ya saurara ido a rufe har na kai ƙarshe.

"A naki ta tashi ke nan," in ji shi.

"Ta tashi, Baffa. Da ɗingishi, amma ta tashi."

Ya buɗe ido. Sannan ya ce, "Ni ban ji lokacin da maharbin ya tafi ba, Mairo. Ba wanda ya gaya mini."