Shekarar da Muka Yi wa Baba Ɗinkin Salla

Saura kwana tara Sallar Layya, a shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar bokon Gangara, Inna ta jawo keken ɗinkin Baba zuwa gindin aduwar tsakar gidanmu, ta ci ɗamara, ta ce in zauna in taka. Yaduddukan mutane sun taru tuli a ɗaki, Baba kuwa yana kwance ya juya wa ƙofa baya, wata na biyu ke nan.

Baba tela ne, kuma duk garin an san shi da barkwanci. Ranar kasuwa makiyaya kan durƙusar da raƙumansu su cika rumfarsa, rabinsu hira ce kawai ta kawo su. A gida ma, idan muka dawo daga rijiya, jakinmu yake fara gaisarwa, ya tambaye shi gajiya da iyali, sannan ya juyo kanmu. Kwatsam duk wannan ya ɗauke. Babu zazzaɓi, babu rauni, amma abinci ya fita ransa, magana ta zama masa aiki. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wani kawunmu ya ce lalaci ne. Inna ta amsa masa ba tare da ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba: "Wanda ya shekara ashirin yana taka keke ba yau zai koyi lalaci ba."

Haka muka kama aiki. Inna na yanka, ina takawa, ƙanwata Hadiza na zura zare, akuya na satar ƙyallaye. A rana ta uku muka gama wandon liman. Da Inna ta ɗaga shi, sai ga ƙafa ɗaya ta ɗara 'yar uwarta da taƙi guda. Muka yi ta dariya har kaji suka watse. Can sai muka ga Baba tsaye a bakin ƙofa, ya rame, yana kallon wandon. Sai ya ce, "Yaushe limamin namu ya gurgunce?" Bai yi dariya ba, amma ya nemi almakashi. Ya gyara wandon ya koma ya kwanta. Washegari ya ɗinka riguna biyu. Ranar idi ni da Hadiza ƙafafun liman kawai muke leƙe.

Ya warware bayan damina, amma abin yakan dawo duk bayan 'yan shekaru. Sai da na zama ungozoma a Damagaram na san sunansa: ciwon damuwa, cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai magani kamar kowace cuta. Ƙwayoyi sun riƙe Baba shekaru, daga baya suka daina yi masa aiki. Likitansa ya ba mu labarin wata na'ura ta maganaɗisu da ake zaburar da sashen ƙwaƙwalwar da ya yi sanyi da ita. Ya ce ba kowa take yi wa amfani ba, kuma babu ita kusa da mu. Ƙanena Sani ya kai shi Tunisiya. Kullum yakan zauna a kujera idonsa biyu, a ɗora masa abin a gefen kai yana ƙwanƙwasa kamar kaza na tsattsagar gero a faranti, bayan kamar rabin awa ya tashi da ƙafarsa. A mako na huɗu ya kira ni da kansa ya ce, "A aiko mini da cuku da yaji, mutanen nan ba su san abinci ba."

Yanzu Baba ya tsufa, yana ganin likitansa, jikoki ba sa barin tabarmarsa. Inna ba ta ga wannan ba, ta rasu kafin tafiyar. Shekara talatin ta yi tana jinyar Baba a kan ciwon da babu likitan da ya taɓa yi mata bayaninsa. Na so a ce ta ji daga bakin likita cewa ita ce mai gaskiya.