Baba Sai-Ɗari da Tocilar da Ta Ƙi Mutuwa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu ya riga ya iso. Teburinsa ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene da ke bakin kasuwa, kusa da mai gyaran takalma. Zai share wurin da kansa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin don kada ƙananan kusoshi su ɓace masa, ya jera sukudireba uku da hantsaki da ƙarfen narka dalma da wani tsohon buroshin haƙori. Daga nan sai ya jawo gwangwanayen madara guda shida, kowanne cike da makunnan da ya ciro daga matattun tociloli. Ya yi bisimilla, ya gyara zaman tabarau, aiki ya fara. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, tun zamanin tocila mai batir da jan haske har zuwa na masu caji da farin ƙwai.

Sunansa na yanka ya ɓace a kasuwar nan. Baba Sai-Ɗari kowa ke ce masa, domin ba ya miƙa wa mutum tocilar da ya gyara sai ya danna makunninta sau ɗari a gabansa, yana ƙirgawa a bayyane. Ko jirgi ne zai tashi ya bar ka, sai ka tsaya. Mai takalma kullum sai ya tsokane shi: "Baba, zan ɗan runtsa, in ka kai casa'in ka tashe ni." Shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi, sai dai ka ji "arba'in da biyu, arba'in da uku."

Abin da ya daɗe yana faɗa shi ne, tocilar zamani ba daga ƙwai take mutuwa ba, daga makunni ne. Ya taɓa buɗe guda ya nuna mini. A ciki akwai wani ɗan harshen ƙarfe, sirantarsa kamar ɓawon albasa, shi ke haɗa wuta in an danna. A da da tagulla ake yin sa, yanzu baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Gumin hannu ya shiga sau biyu sau uku, tsatsa ta kama, sai ka ga mutum yana marin tocilarsa kafin ta kama. Makunni na turawa bakinsa yana buɗewa, na dannawa sifirinsa yana gajiya. Wani yana kunna kansa a aljihu ya shanye cajin, wani sai ka danna sau biyar, ya bi ta haske mai ƙarfi da mai rauni da mai walƙiya, kafin ya yarda ya mutu. Masu ƙera su sun ƙawata jiki, sun cika kwali da alkawari, sannan suka yi rowa a wuri ɗaya tak da hannun mutum ke taɓawa. Wannan ha'inci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Baba kuwa shekarunsa ya ƙarar yana ɗinke ɓarakar mutanen da bai taɓa gani ba.

Kuma ba ya taɓa tocila sai ya tambayi mai ita sana'arsa. Wata tsohuwa da yatsunta suka sandare ta kawo tata, ta ce lafiyar tocilar ƙalau, ita ce ba ta iya danna ta. Ya manna mata ƙaton maɓallin kwat a kan makunnin, yanzu da tafin hannu take kunnawa, kuma har yau in ta wuce sai ta tsaya ta sa masa albarka. Irin wannan ba ya ƙirguwa. Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami abu ɗaya ne, kuma da laifina a cikinsa.

Ƙanena yasar rijiya yake yi, da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu. Shi ne ke shiga ƙasa, mutum biyu suna riƙe da igiyarsa a sama. Yanzu akan kawo injin jan ruwa a kwashe ruwan rijiyar, kuma in injin na ruri ba a jin muryar na ƙasa. Saboda haka suka yi wa kansu ƙa'ida. Na ƙasa yana rataye tocila a ƙirji. Muddin na sama suna hango haske a tsaye, lafiya ke nan, kada a dame shi. In hasken ya ɗauke, ko ya ɗauke ya dawo, a jawo shi nan take, babu tambaya.

Wata safiya ya kai wa Baba tocilarsa, ta fara wannan halin na sai an mare ta. Baba ya tambayi sana'arsa, ya tambayi yadda suke magana da na sama, ya gyara. Sannan ya aika aka ɗebo masa laka a murfin gwangwani, ya shafa a babban yatsansa, ya fara ƙirga. A kan tamanin da bakwai ya danna don ya kashe, tocila ta ci gaba da haskenta. Ya sake dannawa, ta mutu. Sai ya buɗe aljihun tebur ya jefa ta ciki.

"Gobe," in ji shi.

Ƙanena yana da aiki da azahar a ranar. Ya yi magiya, Baba ya ce gobe. Aikin ya kuɓuce masa, aka ba wasu. Ya zo mini ransa a ɓace, ni kuma na saɓa riga na nufi kasuwa.

"Baba, tocilar nan tana kamawa ko ba ta kamawa?"

"Tana kamawa."

"To, me ya rage?"

"Ta ƙi mutuwa sau ɗaya."

"Ikon Allah! Duniya na kuka da tocilar da ta ƙi kamawa, kai ka tsare wadda ta ƙi mutuwa? Ai wannan albarka ce."

Mai takalma ya tuntsire da dariya. "Baba, ni ma a yi mini irinta, ko guda biyu."

Dariyar ta ƙara mini ƙarfi. Na ce masa, a gaban mutane, tsufa ne ke damunsa da rashin aikin yi, ya hana magidanci neman abincin iyalinsa saboda wasan ƙirge. Bai ɗaga kai daga abin da yake liƙawa ba.

"Kai ne yayansa?"

"Ni ne."

"Ka taɓa shiga rijiya?"

"Ban taɓa ba."

"Ni ma ban taɓa ba. Shi ya sa na tambaye shi. Je ka tambaye shi abin da haske a tsaye yake nufi a wurinsu."

Ban tambaya ba. Mai fushi ba ya neman amsa, gaskiyarsa yake nema. Na tafi ina sababi.

Washegari ƙanena ya koma. Ashe ruwan laka ne ke bin gefen makunnin yana liƙe harshen ƙarfen, sifirin kuma ya yi sanyin da ba ya iya ture shi baya. Baba ya cire shi gaba ɗaya, ya zaƙulo wani tsoho mai harshen tagulla daga gwangwaninsa, wanda kunnawa da kashewa kaɗai ya sani, ya lulluɓe shi da robar da ya yanko daga tiyub ɗin keke. Ya danna ɗari da busasshen hannu, ya danna ɗari da laka, sannan ya miƙa.

Bayan mako shida, da rana tsaka, suna yasar wata doguwar rijiya a bayan wani gida. Mai gidan ya matso da injin dab da bakin rijiyar don tiyonsa bai kai ba. Hayaƙin injin ya riƙa gangarawa ƙasa, ba wanda ya lura. Ga yadda ƙanena ya ba ni labari da bakinsa:

"Yaya, kawai ji na yi ƙafafuna sun zama na wani. Na buɗe baki, ni kaina ban ji muryata ba. Na ce bari in girgiza igiya, hannu ya ƙi ɗaguwa ya wuce ƙirjina. Babban yatsa kaɗai ya rage mini, shi ma duk laka. Na danna. Ban san komai ba kuma."

Na sama suka ga haske ya ɗauke, suka ja. A sume suka fito da shi, kwanansa biyu a asibiti. Da makunnin farko ne a jikinta, ya sake yin abin da ya yi a kan tamanin da bakwai, da hasken ya ci gaba da gaya musu lafiya lau, su kuma su ci gaba da hirarsu a bakin rijiya har sai guga ya daɗe bai motsa ba. Sai a bakin gadonsa na asibiti na fahimci tambayar da aka ce in yi ban yi ba.

Da ya warke muka je wurin Baba tare. Ƙanena ya durƙusa, ya fara godiya. Baba ya saurara har ya gama, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya miƙa hannu.

"Kawo ta in gani. Na san ba ka wanke robar ba."

Ni kuwa na tsaya a gefe kamar an dasa ni. Na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, kamar ba ni ne na tsaya a wurin nan na ci masa fuska ba. Ban nemi gafararsa ba, na dawo gida da maganata a ciki.

Ƙarshen watan nan Baba zai naɗe farin ƙyallensa. Ba wanda ya kore shi, masu kawo gyara ma ba su ragu ba. Hannunsa ne ya fara rawa. Ya gaya wa mai takalma cewa sau biyu a mako guda yana liƙa waya ta sake kafin ya kai ɗari, kuma ba zai jira sai ta sake a hannun wani ba. Ma'aunin da ya auna tocilar ƙanena da shi, da shi ya auna kansa. Mutum nawa ne a cikinmu za su iya wannan?

Baba, kai ne ka ɗauki aikin da ake raina wa kamar rai ya rataya a kansa, har ranar da rai ya rataya a kansa da gaske. Kai ne mai tambaya kafin taɓawa. Ba ka da lambar yabo, ba ka da hoto a bangon kowa, amma akwai gida mai yara huɗu da ake buɗe ƙofa da yamma uba ya shigo, kuma bayan ikon Allah da yatsanka a ciki. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannun nan hutu da lafiya, ya haskaka maka gabanka yadda ka haskaka wa mutane.

Ku kuma masu sana'a, da mai ɗaure birki da mai haɗa wayar gida da mai auna magani, da ni mai wannan rubutu, mu ji kunya mu gyara. Yawancinmu sau uku muke gwadawa mu ce ya yi, Allah ya kiyaye. Allah yana kiyayewa, amma bai ce a tsaya a uku ba. Ku tambayi mai kaya inda zai kai shi. Ku gwada abu a irin wahalar da zai shiga. In ya gaza sau ɗaya, ku iya cewa gobe, ko da za a zage ku.

Saura magana ɗaya. A gaban mutane na ce maka tsufa ne da rashin aikin yi, don haka a gaban mutane zan janye. Ni ne ban san aiki ba, Baba. Ka yafe mini. Ranar da za ka rufe teburin ina nan zuwa da tocilata, lafiyarta ƙalau, so nake kawai ka danna mini ita. Zan tsaya, ba zan ce uffan ba, sai ka kai ɗari.