Ƙwaryar da Kaka Ta Ɗinke

Jiya a kasuwar Talata Mafara na ga gyartai yana ɗinkin ƙwarya, na tsaya cak kamar an kira sunana. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

Ba ta taɓa yar da fasasshiyar ƙwarya ba. Wata Lahadi a Maradun, bayan sujada a coci, na iske ta gindin darbejiya da basilla a hannu, zanenta na ƙanshin daddawa. Na ce, "Kaka, yaya Sarki Dauda zai sa a kashe mutum ya ɗauke matarsa, kuma Allah bai yar da shi ba?"

Ta ja zare da haƙori ta ce, "Ɗiyata, manzo Bitrus ma ya yi musun Ubangijinsa. Duk fasassu ne, alheri ya ɗinke su."

Kaka ta rasu, 'yan bindiga sun watsa 'yan cocinmu. Ni kaɗai nake addu'a a ɗakin haya, ƙwaryarta na rataye, ɗinkin ya fara saki.

Ya Ubangiji, ka ba Kaka hutu a wurinka. Ni ma na tsage, kada ka yar da ni.