Keken da ba mai hawa

Jiya ina zaune ƙofar gida a unguwar Bobiel, maƙwabciyata Rahila, wadda ke rubuta min wannan don ban yi lakkwal ba, wato boko, ta kunna rediyo. Wai masana na fassara wata waƙar rok, kiɗan gitar nan mai tsawa.

Na tsani kiɗan nan. Saboda shi na kori ɗana Ila, yau shekara bakwai ke nan, na rantse ba zan neme shi ba.

A waƙar an ce wani tsoho yana hura wa tayoyin keke iska duk Juma'a, keken da ba mai hawa. Wani malamin jami'a ya ce tsohon nan shi ne ƙasarmu, keken kuma matasan da suka tafi.

Na ce, "Ƙarya yake yi, ɗiyata. Mai da baya in ji."

Ta nemo waƙar a wayarta. Har karyayyen fedal na hagu mawaƙin ya ambata.

"Baba, lafiya?"

"Muryar Ila ce, keken ma nasa ne. Ga shi can a zaure."

"To ya aka yi ya san kana hura masa iska?"

Sai a nan na gane. A bakin titi nake hura iskar bayan an taso daga masallaci. Ashe duk shekarun nan yaron yana zuwa, yana kallona daga nesa, ni ina ta fushina.

Har yanzu kiɗan hayaniya ne. Amma Juma'ar nan zan ɗaga kai in duba titi.

Jama'a, in na hango shi, me zan fara ce masa?