Ranar da Gawa Ta Yi Ƙara a Narayi

Ko na manta da ranar aurena, ba zan manta da wata Laraba a ƙarshen shekarun 1980 ba, lokacin ina mai kula da kaya a wani ƙaramin kamfanin fim. Aji uku na yi a firamare malamai suka ce in je in huta. Don haka aikina ba na biro ba ne. Nawa shi ne in tabbatar babu abin zamani da ya shiga kyamara, domin labarin na ma'aikatan jirgin ƙasa ne a zamanin Turawa, rabinsa waƙa.

Darakta ya kwaso mana samari uku daga Unguwar Boro, masu waƙar nan ta zuba zance da sauri da suke kira raf, wai su ne za su fito a matsayin mawaƙan zamanin da. Babbansu Bitrus, amma sai ka ce "Emsi" yake juyowa. Gashinsa na ɗigar mai kamar ƙosan da aka tsame yanzu. Sau biyu agogon roba yana fitowa a hannunsu. Fim ɗin lokacin kuwa ba a goge shi, abin da ya ɗauka ya ɗauka. Darakta ya ce, "Baba Yohanna, in aka yi na uku, ka kama hanyar gida."

Ran nan muna unguwar Narayi, saura gwangwanin fim ɗaya tak, za a ɗauki waƙar jana'iza. Na lalube su kamar ɗan sanda, na ƙwace agogo uku na zuba a aljihu.

"Baba, lokaci fa?" in ji Bitrus.

"Kakanka rana yake dubawa."

Sai aka ce mai fitowa a matsayin gawa bai zo ba. Darakta ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, kai ko kwalliya ba sai an yi maka ba. Kwanta."

Na kwanta, aka lulluɓe ni da farin zane. Mata na kuka, samarin suka ja waƙa a hankali, karon farko da suka yi ta daidai. Ƙarfe huɗu na cika, gawa ta fara: tit-tit, tit-tit. Ashe duk ukun sun saita agogonsu don shirin rawa na talabijin. Ni kuwa doka ce, gawa ba ta motsi sai darakta ya ce a tsaya, sai na daure. Bitrus da ya ji kiɗa, kafaɗa ta ɗauka, ya manta da mamaci, ya shiga zuba raf a kaina.

Darakta ya yaye zanen. "Wa ya sa wa gawa agogo?"

"Oga, wa ya sa mai kaya ya zama gawa?"

Amsar nan ce ta kore ni, ba agogon ba. Samarin kuwa hotonsu aka sa a fosta. Bayan sati biyu aka aiko nemana, wai ba a taɓa ganin gawa mai dauriya irina ba. Na mutu a fina-finai huɗu bayan nan.

Ku da kuka shigo harkar fim yanzu, ku riƙe wannan: a sana'armu, surutu ba laifi ba ne muddin ba gaskiya kake faɗa ba. Wanda kuma ya iya kwanciya ya yi shiru gaban oga, ba ya rasa aiki.