Lamba Shida da Sunan Uwata

Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a wata lakwal a Konni, kuma a gidanmu na Dogarawa ni ake kawo wa kowace takarda in karanta. Na fara da wannan ne don a san ba jahilci ya kayar da ni ba.

Wata Talata da hantsi, tsakanin darasi biyu, wani mutum ya kira ni. Ya ce yana tara tsofaffin ɗaliban ajinmu na jami'a a zaure ɗaya na waya, wata lamba mai alƙaluma shida za ta shigo mini ta saƙo, in karanta masa. Faransancinsa tsaf, kuma ya girmama ni. Na karanta masa. Kafin azahar shafina na hira ya koma hannunsa, da hotona da duk saƙonnin ciki.

Ɗiyata ta fari tana shekara ta biyu a jami'a a Tawa. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, "Uwata" nake ce mata. Ɓarawon ya bi tsofaffin saƙonninmu ya koyi wannan. Ya rubuta mata: "Uwata, wata lamba za ta shigo wayarki, turo mini yanzu." Ta amsa: "To, Baba." Ta tura, nata shafin ma ya koma hannunsa.

A shafinta akwai hotunan da suka ɗauka a ɗakin kwanan ɗalibai, 'yan mata zalla, ba kallabi, suna rawa. Ya nemi a biya shi kuɗi ko ya watsa su. Kafin mu gane abin da ake ciki ya zuba su a zauren ajinta da na danginmu.

Na kai ƙara wajen jandarma, suka rubuta bayanina, suka tambaye ni ko na san mutumin. Yayana, wanda ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu, ya sa aka kira ni.

"Malam, kai ka ce a bar ta ta yi karatu. To ga karatun nan a wayar kowa."

"Yaya, ni aka fara yaudara."

"Kai ko an gan ka ba hula, wa zai tanka? A ɗauko ta."

Da ta sauko daga motar haya na kasa haƙuri, na tambaye ta me ya hana ta kira ni ta tabbatar. Idonta a ƙasa ta ce: "An tara mu a jami'a, an ce irin wannan lamba kada mu ba kowa. Ban ɗauka kana cikin kowa ba, Baba. Yaushe na taɓa tambayarka dalili?"

Ba ta taɓa ba. Ni na raine ta haka, kuma na sha yin alfahari da hakan a gaban abokai.

Na yi niyyar saɓa wa yayana in mayar da ita, amma ita ce ta ƙi. Ta ce ba za ta iya zama aji ɗaya da waɗanda suka gani ba. An yi jarrabawa babu ita. Yanzu tana Badaguishiri wajen ƙanwar uwarta, tana taya ta ban ruwa a lambun albasa. Littattafanta na cikin kwali a ɗakina.

Ta daina riƙe waya. Makon jiya na kira ta ta wayar innarta, na ce: "Uwata, ni ne." Sai ta roƙe ni kada in ƙara kiranta haka a waya. Na amsa mata da to. Har yau ban sake kira ba, don ba ni da wani sunan da zan kira ta da shi.